Power Mike: Baƙon Kano da Ya San Ranar Ajiye Ƙarfi



Har gobe, idan matashi ya ciccibi buhun riɗi ko na shinkafa ya jefa bayan mota shi kaɗai, akan sami wani dattijo a gefe da zai yi murmushi ya kira shi Fawa Maik. Sau da yawa yaron bai ma san wa ake nufi ba. Wani ya ɗauka sunan wani mahauci ne, tunda ya ji fawa a ciki. To ba ruwan sunan da fawa. Power Mike ne bakinmu ya lanƙwasa haka, kuma laƙabi ne na wani mutum mai suna Michael Okpala, wanda a shekarun 1970 babu ɗan kokawar zamani a Najeriya da ya kai shi suna.

Wani zai ce me ya haɗa mu da shi, ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, sana'arsa kuma ba tamu ba. Abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa a wannan mako abu biyu ne. Na farko, baƙo ne kamar yadda yawancinmu muke baƙi a nan Akurba: ya bar garinsu yana yaro don neman na kansa, kuma a Kano aka fara saninsa. Na biyu, ya yi abin da ya gagari ƙarfafa da yawa. Ya san cewa ƙarfi jari ne mai ƙarewa, ya juya shi zuwa wani jarin tun kafin ya ƙare.

Daga Neni zuwa Anacha

An haife shi ranar 8 ga Agusta, 1939, a garin Neni, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Anaocha ta jihar Anambra. Shi ne ɗan fari a gidansu. Ya yi firamare a wata makarantar mishan da ke Adazi-Enu, maƙwabciyar garinsu, kuma tun a can aka ga alamar jikinsa ya yarda da wasanni, musamman dambe.

Da ya gama firamare a 1952, yana da kimanin shekara 13, sai ya nufi Anacha don koyon kasuwanci. Mu da muke hulɗa da Ibo a kasuwa mun san tsarin nan nasu. Yaro zai zauna a ƙarƙashin ubangida shekara da shekaru, ya share shago, ya ɗauki kaya, ya koyi ciniki da lissafi, ranar da wa'adi ya cika a sallame shi da jari. Bai yi nisa da yadda mu ma muke riƙon yaran shago ba. Irin wannan rayuwar ce Michael ya shiga, a garin da kasuwarsa take cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma.

A Anacha ya shiga wata ƙungiyar dambe mai ɗauke da sunan Dick Tiger, yana dambe a matsakaicin nauyi, ba na kuɗi ba tukuna. A nan ya haɗu da Dick Tiger ɗin kansa, wato Richard Ihetu, ya kuma ɗauke shi abin koyi. Shi ma Dick Tiger daga kasuwa ya fito, don ya yi ƙananan saye da sayarwa a Aba, har da na kwalabe, kafin ya tafi Ingila a 1955. A 1962 ya zama zakaran duniya na matsakaicin nauyi bayan ya doke Ba'amurke Gene Fullmer, a 1963 kuma ya kare kambun nasa a filin wasa na Liberty da ke Ibadan. Yaron da ya ga irin wannan mutum ido da ido tun bai zama komai ba, dole ya san cewa jiki ma yana iya kai mutum nesa.

Kano: taya, garejin kanikanci da taron kallo

Daga Anacha ya wuce Kano da niyyar ƙwarewa a saye da sayar da tayoyin mota. Zaɓin ba na banza ba ne. Kano ta shekarun 1950 ita ce uwar cinikin gyaɗa, ga dala-dalar buhuna a jere, ga manyan motoci suna kwaso kaya daga ƙauyuka zuwa bakin jirgi a kan hanyoyin da ke cin taya kamar me. Mutanen Kudu da yawa sun zauna a Sabon Gari, wasu akawu ne, wasu ma'aikatan jirgin ƙasa, wasu masu kayan gyaran mota. Da yawansu ma ta nan Lafiya suka wuce, don layin dogon da ya haɗa Fatakwal da Inugu da Arewa ya haye gadar Makurɗi ne ya ratsa garin nan kafin ya kai Kafancan.

A Kano ya zama yaron bakanike. Duk wanda ya san gareji na wancan zamani ya san babu injin ɗaga kaya sai ƙashin mutum. A cire tayar babbar mota, a ɗaga giyabos, a kwance ƙusar da tsatsa ta cinye, duk da hannu ne. A cikin wannan aiki ne ya gane cewa abin da yake da shi ya wuce na sauran mutane, kuma mutane za su iya biya don su gani.

Sai ya raɗa wa kansa suna Power Mike, ya fara wasan nuna ƙarfi a gaban jama'a. Yakan lanƙwasa ƙusa mai inci 6 da hannu. Yakan fasa kwakwa da hannu. Yakan ɗaga ƙatti huɗu a lokaci ɗaya. Yakan tsaya shi kaɗai a gefe guda na igiya, tarin mutane a ɗaya gefen, a ja a ga wanda zai motsa.

Idan muka duba, ya zaɓi garin da ya dace. Mutanen Kano ba baƙin kallon jarumta ba ne. Sun saba da 'yan tauri, sun saba da gardawa masu wasa da kura da maciji, sun saba da damben mahauta da kokawar kaka bayan an kai amfanin gona gida. Jama'ar da ta san wannan ba a yi mata rufa-ido da sauƙi, in ta gani ta yarda kuma, za ta kai labari gaba. Ɗan kasuwa ne ya duba abin da gari yake so, ya duba abin da yake da shi, ya haɗa su.

Kasuwa-kasuwa da ƙarfi a matsayin haja

A 1961, yana da shekara 22, ya ɗauki wasansa ya zaga ƙasa. Ya je Anacha, Inugu, Aba, Fatakwal, Legas, Jos da Kaduna. Najeriya ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, talabijin sai a gidajen manya, saboda haka abin kallo mai rai yana da kasuwa. A 1964 ya tsallaka Gana, inda ya sami masoya da yawa. Daga can ya bi ta Kwaddibuwa da Sanagal, ƙasar da kokawa take da daraja kamar sarauta.

Wannan tafiya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu fatake sun bi yamma zuwa Gwanja neman goro, suka kafa zango-zango a Kumasi da Ankara da sauran garuruwa. Dabarar ɗaya ce: idan kasuwa ta saba da hajarka, ka matsa gaba inda ba a gan ta ba. Wanda ya ga an lanƙwasa ƙusa sau uku ba zai biya na huɗu ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Daga Afirka ta Yamma ya haye Turai. A 1967 ya sami kwangilar yin wasa a Suwidin, daga can ya wuce Girka. A Girka ne masu shirya kokawa suka ga jikinsa suka ja shi cikin sana'ar. Sai ga mutumin da ya shekara wajen goma ana yi masa tafi ya koma ɗan koyo, yana kusan shekara 30. Ba kowane mai suna ne zai yarda da haka ba. Ƙarfin ɗaga mutum huɗu daban, sanin yadda ake kamu da faɗuwa da kuɓucewa daban. Daga Girka ya wuce Ingila, inda ya goge sosai a sana'ar.

Yadda kokawar Turawa take

Ya kamata mu tsaya a nan mu bambanta, don kada yara su haɗa ta da tamu. A kokawar gargajiya fili ne na yashi, ga makaɗa, ga kirari, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. Ita ce har yau ake yi wa gasar takobi a Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka. Ita kuwa ta Turawa a kan dandamali ake yin ta, mai kusurwa huɗu da igiyoyi. Faɗuwa ba ta kashe wasa. Sai an danne kafaɗun mutum biyu a ƙasa alƙali ya ƙirga uku, ko a murɗe shi har ya sallama, ko ya kasa tashi kafin a ƙirga goma. A Ingila ta wancan lokaci zagaye-zagaye ake yi kamar na dambe, kuma galibi wanda ya fara cin biyu shi ne da nasara.

Sana'ar kuma yanki-yanki aka raba ta. Kowane mai shirya wasa yana da garuruwansa. A Ingila manyansu sun haɗa kai tun 1952 a ƙarƙashin Joint Promotions, kowa na riƙe da yankinsa suna musayar 'yan wasa, a Amurka ma haka aka yi tun 1948. Ɗan kokawa yau yana wannan gari, gobe yana wancan, kamar ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye rana-rana. Kuɗin dare ake biyansa. Ranar da bai hau ba, babu ko kwabo. Babu fansho, babu giratuti. Wanda ya yi sa'a a nuna shi a talabijin ranar Asabar da yamma, sunansa ya ƙara kuɗi.

Gaskiyar da kowa ya sani yanzu ita ce, kokawar nan rabinta wasa ne da ake tsarawa, masu shiri suna da ta cewa a kan yadda za ta ƙare. Amma kada wannan ya sa a raina masu yin ta. Ƙato mai nauyin buhu guda da ɗoriya in ya faɗo a kanka, tsari ba ya rage masa nauyi. Baya, gwiwa, wuya da kafaɗa duk suna biyan kuɗin kowane dare. Kuma mai shiri ɗan kasuwa ne, ba ya ɗora kambu a kan wanda ba ya cika masa zaure. Duk wanda aka bar wa kambu shekaru, to shi ne mutane suke fitowa su gani.

Komowa gida a 1970

Shekarun da ya yi a Turai su ne mafi muni a tarihin ƙasar nan. A 1966 an kashe Ibo masu yawa a garuruwan Arewa, har da Kanon da ta fito da shi, dubbai suka tattara suka koma gida, da yawa ta wannan layin dogo da ya ratsa Lafiya. 'Yan Arewa mazauna Gabas su ma abin ya taɓa su, waɗanda suka tsira suka baro dukiyarsu suka gudo. Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 aka yi yaƙin basasa. Babbar kasuwar Anacha, garin da ya koyi ciniki, ta ƙone a cikin yaƙin. Mu da muke zaune nesa da garuruwan iyayenmu mun fi kowa sanin abin da irin wannan labari yake nufi, don idan gari ya rikice baƙo ne yake fara kwana da takalmi a ƙafa.

A shekarar da yaƙin ya ƙare Power Mike ya dawo Afirka, kuma a wannan shekara ta 1970 ya doke Masambula, mutumin Gambiya da ya yi suna a Ingila yana shiga fili da fatar damisa. Da wannan nasara ya zama zakaran Afirka na masu nauyi. Yana da shekara 31.

Ku duba lokacin da abin ya zo. Ƙasa ta fito daga yaƙi, zukata ba su gama hucewa ba, sai ga mutumin Gabas yana kokawa da baƙi da sunan Najeriya, Bahaushe da Bayarabe da Tibi da Ibo suna goyon bayansa tare. Ba mu ce kokawa ce ta gyara ƙasa ba. Amma a lokacin da abubuwan da ke haɗa mutane suka yi ƙaranci, ya zama ɗaya daga cikinsu, kuma shi ya sa sunansa ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa ganin Neni ba.

Shekara shida da suka biyo baya su ne ganiyarsa. A 1973 ya doke Ali Baba na Labanan, karawar da tsofaffin masu kallo suka fi tunawa. Ya doke Johnny Kwango a Legas, wani baƙar fata haifaffen Landan da aka sani da karo da ka. Cikin waɗanda suka faɗi a hannunsa akwai Power Jack, Joseph Kovacs, Judd Harris da John Tiger na Kanada. Zamanin kuma ya taimaka masa. An buɗe babban filin wasa na ƙasa a Surulere a 1972, kuɗin man fetur ya shigo, a 1975 ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, gidaje da yawa suka sayi talabijin. Manyanmu da suka zauna a Kaduna, Jos ko Kano suna tuna yadda yaran unguwa suke cika tagar mai talabijin idan an sa kokawa, washegari kuma a kwaikwayi kamun a kan yashi har wani ya gurɗe hannu.

Ajiye kambu a 1976

A 1976 ya daina hawa dandamali. Shekarunsa wajen 37, kambun yana hannunsa, babu wanda ya ƙwace. A wannan sana'a mutane suna kaiwa 50 suna yi, wasu don sha'awa, da yawa don ba su da wani abin yi. Da ya so, da ya ƙara shekaru yana karɓar kuɗi da sunan da ya riga ya yi.

Don mu gane darajar wannan mataki, mu duba abin da ya sami Masambula, wanda ya karɓi kambu a hannunsa. A 1975, a wani wasa a garin Preston na Ingila, aka jefa shi jikin kusurwar dandamali da ba a gyara da kyau ba, ya ji mummunan rauni a baya. Daga ranar bai sake kokawa ba, ya ƙare rayuwarsa da naƙasa. Dare ɗaya ya raba shi da sana'ar da ya dogara da ita. Haka abin yake ga duk wanda jikinsa ne shagonsa: gobara ɗaya ce, kuma babu kayan da za a fitar.

Power Mike bai jira irin wannan dare ba. Ya sauka da ƙafarsa, ya koma ɓangaren da ake ƙirga kuɗin ƙofa.

Daga ɗan wasa zuwa mai gida

Kamfaninsa, Power Mike International Promotions, shi ya riƙa kawo 'yan kokawar ƙasashen waje Najeriya. Ta hannunsa mutane suka ga waɗanda a da sai a talabijin: Mil Mascaras na Meziko mai rufe fuska, wanda ma'anar sunansa abin rufe fuska dubu, Mighty Igor, ƙaton nan mai wasa kamar yaro, Bulldog Brower, Carlos Colon na Fotoriko, Buddy Rose, Michael Hayes, Chris Adams, da mutum biyun da ake kira Mongols.

Wannan aiki ciniki ne tsantsa, kuma duk wanda ya taɓa sarin kaya daga nesa zai gane shi. Sai ka kama fili ka biya. Ka nemo wa baƙi biza, ka saya musu tikitin jirgi, ka kama musu masauki. Ka buga takardun talla, ka sa a rediyo da talabijin. Ka yi alkawarin biyansu da kuɗin waje, alhali kai da naira za ka sayar da tikiti. Duk wannan kafin mutum ɗaya ya shigo ƙofa. In ruwa ya sauko ko jama'a ba su fito ba, asarar taka ce kai kaɗai. In kuma ka saɓa wa baƙo ɗaya alkawari, labari zai riga ka zuwa ƙasarsu, gobe babu mai amsa kiranka.

A nan ne shekarun Anacha da Kano suka yi rana. Yaron da ya koyi lissafin shago da cinikin taya shi ne ya iya zama da 'yan kasuwar Amurka da Ingila a yi ciniki. Sunan da ya yi da ƙarfi ya zama masa shaida, sanin mutane da ya tara a yawonsa ya zama masa hanya. Abin da ya koya yana ɗan shekara 13 shi ya riƙe shi bayan ya wuce 40.

Ba za mu ce komai ya tafi sumul har ƙarshe ba, don kasuwa ba ta da wannan alkawari. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu darajar naira ta zube, duk sana'ar da ke sayo kaya da dala ta sayar da naira ta ji a jikinta, kawo 'yan wasa daga waje ma haka. Ga bidiyo da tauraron ɗan'adam sun kawo kokawar Amurka har cikin ɗaki. Zamanin cika fili don ganin baƙin 'yan kokawa ya ja baya. Amma wannan faɗuwar kasuwa ce irin wadda kowannenmu ya sani, wadda mutum yake fuskanta da lafiyarsa da mutuncinsa.

Ya mutu ranar 11 ga Maris, 2004, a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, bayan doguwar jinya, yana da shekara 64.

Abin da ya rage mana

Mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Shekara 6 ya yi da kambu. Shekara 28 ya yi a duniya bayan ya ajiye shi. Wato zaman da ya yi bayan tafi ya ninka zaman tafin fiye da sau huɗu. Haka lissafin yake ga kusan duk mai cin abinci da ƙarfinsa, sai dai ba kowa yake yin sa da wuri ba.

A unguwar nan muna da matasa da yawa da jikinsu ne jarinsu. Akwai masu lodin doya da gawayi, akwai masu dako a kasuwa, masu acaɓa, masu tura baro, masu haƙar yashi da buga bulo. Sana'o'i ne na halal, babu abin kunya a cikinsu, kuma da su ake ciyar da gidaje a nan da can garuruwanmu. Amma buhun da ake ɗauka da wasa a shekara 22, a shekara 45 da addu'a ake ɗaukarsa. Abin da ya fi damunmu shi ne yadda wasu suke neman ƙarin ƙarfi daga ƙwaya, su sha don kada su ji gajiya. Wannan cin bashi ne daga jikin gobe, kuma da ruwa ake biyansa. Ga mu nan muna ganin masu biya.

Ga matasanmu, shawarar ɗaya ce. Tun kana da ƙarfin, ka riƙa cire wani abu daga abin da ya kawo, ka shiga adashi, ka sa ido a kan yadda mai kayan da kake ɗauka yake saye da sayarwa. Mai lodi da ya san farashin doya a gona da farashinta a Kano ya riga ya yi rabin hanyar zama dillali. Ka koyi karatu da lissafi ko da na dare ne. Kuma kada girman kai ya hana ka komawa ɗan koyo, tunda wanda ake yi wa tafi a ƙasashe ma ya koma.

Ga iyayen gida masu shaguna, mu ma da namu. Yaron da ya yi maka shekara bakwai yana ɗaukar kaya bai san inda kake saro su ba, bai taɓa riƙe littafin bashi ba, ba ka koya masa kasuwanci ba, ƙarfinsa kawai ka ci. Mu nuna musu hanya, mu sa ranar sallama, mu cika ta. Ga iyaye mata kuma, idan kun ga yaro ya fi 'yan uwansa ƙarfi da son dambe, kada a tsaya a zagi ko a yabo, a haɗa masa da sana'ar hannu tun icce yana ɗanye.

Sai kuma zancen baƙunci. Kano ta karɓi yaron Neni, ta ba shi gareji, ta ba shi 'yan kallo, ya fita da sunan da duk ƙasa ta yi alfahari da shi. Mu ma Lafiya ta karɓe mu, muna ciniki da Eggon da Alago da Gwandara da Tibi da Ibo a rumfa ɗaya. Yaron da yake yi mana faci a bakin hanya, ko wanda yake share shagon maƙwabcinmu, ba mu san abin da zai zama ba. Mu riƙe na wasu da mutunci kamar yadda muke so a riƙe namu.

Idan kuma wani dattijo ya sake kiran ɗanku Fawa Maik don ya ɗaga buhu, ku ba shi labarin har ƙarshe, kada ku tsaya a kan ƙusa da kwakwa.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa wa kasuwancinmu albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya. Juma'a mai albarka.